Mai gyaran firij da ba ya fara cewa "gas ya ƙare"

A unguwarmu, Hotoro da ke Kano, da wuya ka sami matar da ke ɗan sayar da zoɓo ko ƙanƙara a gida wadda ba ta da lambar mai gyaran firij a wayarta, kuma yawancinmu mun sha goge wata lambar mu sa wata. Wanda zan yi magana a kansa ɗan shago ne a bakin titi, ba allo ba suna, sai matattun kwamfiresa, wato injin da ke bayan firij, jere a ƙofa da wani benci da yaran shago ke zama a kai. Ba zan kama sunan mai shi ba tunda bai san ina wannan rubutu ba. Malam muke ce masa, shi ke nan. Ga mai gaggawa, ga hukuncina: hannunsa na da kyau ƙwarai, kuɗinsa ba na araha ba ne, cika alƙawarin lokaci kuwa sai dai a yi haƙuri.

Firij ɗina mai ƙofa biyu ne, firiza a sama, wajen abinci a ƙasa, irin wanda ba ya tara ƙanƙara a jikin bango. Ciwon da ya kama shi mai rikitarwa ne. Sama tana daskarar da abu, ko da yake ba da ƙarfinta na da ba, ƙasa kuwa ta zama kabad kawai. Kunun ayan da na tace da safe, kafin la'asar ya fara canja ɗanɗano, kuma duk mai sana'ar nan ta san kunun aya ba ya ɗaga wa kowa ƙafa. Abin da ya fi ɗaure mana kai ni da maigida shi ne, in aka ɗauke wuta ta daɗe ba ta dawo ba, ranar da aka kawo ta sai firij ya tashi garau, ya yi 'yan kwanaki yana aiki, sannan ya koma gidan jiya.

Mai gyaran da aka fara kawo mana ko bayan firij ɗin bai leƙa da kyau ba. Tafin hannu ya ɗora a gefensa, ya ɗan saurara, ya ce, "Hajiya, gas ne ya ƙare." Ya kashe shi, ya bar ƙofofi a buɗe ya tafi sayo gas, ba mu sake ganinsa ba sai washegari, ya huda bututu ya ɗura. Sanyi ya dawo sama da ƙasa, muka biya muka sa masa albarka. Ba a je ko'ina ba ƙasa ta sake ɗumi. Da aka kira shi sai ya ce to kwamfiresa ce ta gaji, a tanadi kuɗin sabuwa. Maƙwabciyata mai fura da nono ce ta ce kafin mu sayi komai mu bari Malam ya gani.

Da yamma ya zo, lokacin da maigida ke nan, don ba ya shiga gidan mutane mai gidan ba ya nan. Bai taɓa firij ba sai da ya gama tambaya. "Hajiya, saman na sanyi? In kin buɗe firiza kin danne ɗan maɓallin ƙofa, kina jin ƙarar fanka? Kwamfiresa na hutawa ko kullum tana kan aiki? In an daɗe ba wuta, yakan warke da kansa?" Ina amsa ta ƙarshen ya juya wajen yaronsa ya ce miƙo sukuddireba. Aka kwashe kayan firiza, ya kwance farar robar da ke bangon ciki ta baya. Abin da ya bayyana dunƙulen ƙanƙara ne guda, fari fat, ya haɗiye bututun alminiyam ɗin da siraran faya-fayansa gaba ɗaya, har fukafukan fanka sun sassaƙa wa kansu ɗan gurbi a ciki suna gogarsa. Ramin da iska ke bi ta gangara ƙasa ya toshe ƙam, ko tsinke ba zai shiga ba.

Bayanin da ya yi a tsaye a wurin ya fi mini gyaran kansa amfani. Irin wannan firij wuri ɗaya yake haɗa sanyi, a bayan robar nan. Fanka ce ke hura sanyin cikin firiza, ta tura wani kaso ta rami zuwa ƙasa. Duk sa'ad da aka buɗe ƙofa iska mai laima na shiga, laimar ta daskare a kan bututun. Don haka aka sa wata 'yar hita a ƙarƙashinsa, da taima mai kunna ta bayan kowane 'yan awanni ta narkar da abin da ya taru, ruwan ya bi magudana ya zuba a wani tire da ke kan kwamfiresa, zafinta ya busar da shi. Akwai kuma wata 'yar na'ura manne da bututun, mai yanke hitar in ƙanƙara ta gama narkewa. In ɗaya cikin ukun nan ya mutu, ƙanƙara za ta yi ta hawa kan ƙanƙara har hanya ta rufe. Ya ɗora wayoyin mitarsa ta gwajin kayan wuta a kan hitar, mita ba ta nuna komai ba, ta ƙone. Shi ya sa doguwar ɗaukewar wuta ke sa firij ya farfaɗo: ƙanƙarar ce ke narkewa da kanta. Ɗurin gas ɗin da muka biya ma ba shi ya dawo da sanyi ba, kwanan da firij ya yi a kashe ƙofa buɗe ne.

Da ruwan zafi ya narkar da ita, a gorar roba da ya huda murfinta, yana fesawa a hankali yaro na tare ruwan da tsumma. Maigida ya ga abin na ɗaukar lokaci ya miƙo wuƙa. Malam ya ce, "Alhaji, mayar da ita. Firij ɗin da wuƙa ta kashe mini a garin nan ba su ƙirguwa." Bututun alminiyam ba shi da kauri, ƙaramin zamewar hannu ya huda shi, gas ya fice, ruwa ya shiga ciki, daga nan magana ta zama babba.

Batun gas ɗin nan ne nake so masu firij su tsaya su ji. Gas ɗin firij ba irin na girki ba ne da ake ƙonawa ya ƙare. A kulle yake cikin bututu yana zagayawa: kwamfiresa ta matse shi ya yi zafi, ya bi ta bututun baya ya saki zafin a iska ya zama ruwa, ya ratsa wani siririn bututu ya shiga firiza, a can ya koma iska yana kwashe zafin da ke ciki, ya sake dawowa kwamfiresa. Firij na iya yin shekara da shekaru ba a ƙara masa ko ɗigo ba. In har ya ragu, to akwai inda yake yoyo, kuma wanda ya ɗura sabo bai nemo hujin ya toshe ba, iska ya sayar miki. Yanzu duk wanda ya ce mini gas ya ƙare, tambayata ɗaya ce: ta ina ya fita?

Nawa firij ɗin ba ya yoyo kafin a taɓa shi, bayan an taɓa shi ne ya fara. Malam ya jawo shi daga bango, ya haska bayansa da tocilan waya, ya nuna mana wani ɗan ƙarfe da mai gyaran farko ya ɗaure a kan bututu ya huda da shi, ya tafi ya bar shi. Gefensa duk maiƙo, ƙura ta manne. Ya shafa kumfar sabulu muka zuba ido, sai ga 'yan ƙwayoyin kumfa na tasowa ɗaya bayan ɗaya. Da aka kunna firij ya ɗan yi aiki, bututun da ke komawa kwamfiresa ya yi farin raɓa daskararre har kusa da bakinta, alamar an cika gas ya wuce kima.

Sai ya sa ni na karanta takardar da ke manne a bangon ciki. An rubuta R600a, sannan nauyin gas ɗin, abin da bai kai giram 100 ba. Tsofaffin firij na zamanin iyayenmu R12 suke ɗauka, wanda yarjejeniyar Montreal ta 1987 ta sa aka daina saboda yana lalata rufin ozon da ke sararin samaniya. Bayansa R134a ya zo, yanzu kuma yawancin sababbin firij na gida R600a ne. Ba a musanya su, domin kowace kwamfiresa don nata gas aka ƙera ta, man da ke cikinsu ma ba iri ɗaya ba ne. R600a kuma yana kama wuta. Saboda haka ranar da ya dawo da kayan gyara ya ƙi kunna abin walda a ɗakin girki. Tsakar gida aka fitar da firij, ya ce a kashe risho, yara su matsa, ya saki gas ɗin da ke ciki ya jira ya watse. Sannan ya cire ƙarfen hujin, ya yi waldar ɗan bututun ɗuri na dindindin, ya canja draya, 'yar matatar nan mai tsotse laima, ya haɗa famfon zuƙe iska ya bar shi yana aiki har aka je masallaci sallar magariba aka dawo. Gwangwanin gas kuwa a kan ƙaramin sikeli ya ɗora shi, yana kallon lamba na sauka har ta cika abin da takarda ta ce. Ban taɓa ganin mai gyaran da ya zo da sikeli ba sai shi. Saura da kunne da tafin hannu suke aunawa, alhali firij ɗin da duka gas ɗinsa bai kai giram 100 ba, 'yan giram kaɗan sama ko ƙasa na canja aikinsa.

Da ya gama bai ce ya yi ba. Ya bar mana ma'aunin zafi a cikin kofin ruwa a tsakiyar ƙasa, ya ce kar a buɗe sai da safe. Allah ya taimaka wuta ta kwana, da safe ya nuna digiri 4. Abin da ake nema ke nan: wajen abinci kar ya wuce digiri 5, firiza kuma 18 ƙasa da sifiri. Lambobin da ke jikin abin murɗawa ba digiri ba ne. A yawancin firij babbar lamba ce ta fi sanyi, kuma ƙure ta ba ya warkar da firij mara lafiya, sai dai ya hana kwamfiresa hutawa.

Bayan nan na ga aikinsa a gidajen 'yan uwa, shi ya sa ba nawa kaɗai nake dogara da shi ba. Firizar surukata, irin mai murfi a sama, ta tsaya ana dab da Babbar Sallah. Sai ta yi ɗan gurnani, ka ji "ƙat", ta yi shiru, bayan 'yan mintuna ta maimaita. An riga an gaya mata kwamfiresa ta mutu. Malam ya ɓalle baƙin murfin da ke gefen kwamfiresa, ya zaro rile, ɗan abin da ke tayar da ita, ya girgiza shi kusa da kunnenta yana ƙaras-ƙaras. "Mama, ji nan, ga mara lafiyar." Abin cikinsa ya farfashe. Ya auna ƙafafu ukun kwamfiresa ya tarar lafiyarsu ƙalau, ya sa sabon rile da sabon obalod, ɗan abin da ke yanke mata wuta in ta ɗau zafi, firiza ta tashi. Kuɗin bai kama ƙafar na sabuwar kwamfiresa ba. Da mai son zuciya ne, da ya canja mata kwamfiresa ya tafi da tata mai lafiya ya sayar wa wani.

Abin da ke ƙona rile, in ji shi, yawanci wuta ce. Firij ɗinmu don wuta mai bolt 220 zuwa 240 aka yi su. Da daddare in kowa ya kunna kayansa, wutar layi kan yi ƙasa har ka ga fankar sama na juyawa da ƙyar. Kwamfiresa ta yi yunƙurin tashi ta kasa, ta ja wuta mai yawa, ta ɗau zafi, obalod ya yanke, ta huce ta sake gwadawa, haka har gari ya waye. Haka nan in an ɗauke wuta an dawo da ita nan take, matsin gas ɗin bai gama daidaita ba, tashi kan gagare ta. Minti biyar take buƙata. Maganin shi ne sitabilaiza mai jinkiri, ko 'yar na'urar kariya da ake sa wa a soket wadda ke yanke wuta in ta yi ƙasa ko ta yi sama, ta kuma jira 'yan mintuna kafin ta saki. Ya kuma hana mu haɗa firij da doguwar waya siririya mai kawuna da yawa, da ɗora shi kan ƙaramin janareta, domin wutar da kwamfiresa ke ja lokacin tashi ta ninka ta lokacin aiki sau da yawa.

Wanda ya fi burge ni shi ne na ƙanwata, inda bai gyara komai ba. Firij ɗinta na hannu ne, ɗan Beljiyam, mai kyan gani. Da hunturu ba ya da matsala, Afrilu na kamawa sai ya yi ta aiki ba hutu, ruwa kuma bai wuce sanyin randa ba. Malam ya nemo takardar jikinsa ya nuna mata harafi ɗaya, N. Haruffan nan na faɗin zafin ɗakin da aka ƙera firij ya jure: SN da N har digiri 32, ST har 38, T har 43. Kano a watan Afrilu na haura 40, ɗakin girkinta kuma rufin kwano ne ba silin. Ya ce, "Hajiya, lafiyarsa ƙalau, ba don garinmu aka yi shi ba ne. In na ɗura miki gas na ci haram." Ya sa aka mayar da shi falo inda rana ba ta buga bango, aka bar tazarar tafin hannu tsakaninsa da bango, aka share bayansa. Ya ɗan fi da, amma sai da damina ta sauka ya dawo daidai. Ghana ma tun 2013 ta hana shigo da tsofaffin firij saboda cin wutarsu. Mu nan ana ta saye, kuma ban taɓa jin mai sayarwa ya nuna wa mai saye harafin nan ba.

Sauran shawarwarinsa kowa na iya yi da hannunsa. Ƙurar hunturu na lulluɓe baƙin bututun baya da kwamfiresa ta hana zafi fita, a cire soket a share da buroshi kafin bazara ta shigo. Firij ɗin da ba shi da bututu a baya, a gefensa aka ɓoye shi, shi ya sa gefen ke ɗumi, kar a matse shi tsakanin kabad da bango ko a lulluɓe shi da kyalle don ado. Robar ƙofa kuma da takardar kuɗi ake gwada ta: a rufe ƙofa a kanta a ja, in ta zare ba wuya robar ba ta kamawa a wajen. Sau da yawa wanki da ruwan ɗumi da sabulu na dawo da ita. Kar a sa tukunyar miya da zafinta, kar a jingina leda a bakin ramin iska. Naman layya a raba shi ƙananan ƙulli a sa kaɗan-kaɗan, ba a juye rago guda lokaci ɗaya ba, tsakiya ta lalace kafin sanyi ya kai mata. In an ɗauke wuta, firij da ba a buɗe ba na riƙe sanyi wajen awa 4, cikakkiyar firiza wajen awa 48, rabi kuma 24, amma a zafin bazara ni ba na jira su kai haka. Gorunan ruwa daskararru nake cike gurbi da su. Firij da aka ɗauko a kwance a mota kuma a bar shi tsaye wasu awanni kafin a kunna, man kwamfiresa ya koma mazauninsa.

To, inda na ga gazawarsa. "Ga ni nan zuwa" ɗin Malam ba ta da agogo. Hitar da za a sayo a kasuwar Sabon Gari ta ja mu kwanaki, ni kuwa ina da masu jiran zoɓo, sai firizar maƙwabta na riƙa roƙa. Wayarsa in yana kan aiki ba ya ɗagawa, ba ya kuma biyo kira. Yana karɓar kuɗin dubawa ko da ba a yi gyara ba. Wannan ni ban ga laifinsa ba, don wanda ba ya karɓa dole ya ƙirƙiro ciwon da zai ci abinci da shi, amma ya kamata ya faɗa tun a waya, ba sai ya gama ba. Ba ya ba da rasit, garantinsa na baki ne. Gaskiya da magudanar ruwa ta toshe daga baya, ruwa na taruwa ƙarƙashin akwatin kayan miya, ya turo yaro ya buɗe ta bai karɓi ko sisi ba, amma rubutu ya fi. Yaran nasa kuma ba su kai shi tsafta ba: sun bar mini tsakar gida da guntayen bututu, kuma noti ɗaya na robar firiza har yau ba a gan shi ba.

Kuɗin aikinsa ya ɗara na masu yawo da gwangwanin gas a babur. Kayan gyara kuwa yakan faɗi farashin mai kyau da na mai araha ya bar ka ka zaɓa, in ka so ma ka je ka sayo da kanka, ya kuma miƙo maka tsohon da ya cire.

Akwai aikin da ba ya karɓa. Sababbin firij masu inbata da allon lantarki a baya, in allon ne ya lalace yakan faɗa kai tsaye cewa ba fanninsa ba ne, ya tura ka wajen masu gyaran allo. Firij da garantin kamfani bai ƙare ba ma ba ya huda shi, sai ya ce a fara komawa inda aka saya, don da zarar an yanke bututu garanti ya tafi. In za ki kira shi, ki lura da ko kwamfiresa na tashi, ko fanka na juyawa, da wajen da ke sanyi da wanda ba ya yi, don zai tambaya. Kuma in dai ba ƙauri kika ji ko firij na jan mutum ba, kar ki cire soket kafin ya iso. Yana so ya tarar da ciwon yadda yake, ƙanƙarar ba ta narke ba.